Zafin giyar otomatik ne ya raba ni da motata a kan tsauni

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman direbobi masu jan tirela da ƙananan motoci irin a-kori-kura. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in ɗauko waya in fara rubutawa sai in ajiye, saboda akwai wuraren da har yau in na tuno su ƙirjina nauyi yake yi. Amma naga motocin otomatik sun yi yawa a hannun matasa yanzu, kowa ya samu sai ya ɗaura mata tirela ya nufi hanyar duwatsu, kuma in ka tambayi mutum nawa zafin man giyarsa yake kaiwa in yana hawa sai yayi shiru yana kallonka, bai ma san abu ne da ake aunawa ba. Shi yasa nace bari dai in daure in rubuta abinda ya same ni.

Ni a cikin mota na tashi. Mahaifina Allah ya jiƙansa direba ne, tun ban kai in taka totur ba nake zama gefensa ina kallon yadda yake canza giya, kuma duk motocin da ya riƙe a rayuwarsa manuwal ne. Abu ɗaya da ya dasa min a kai shine allurar ruwa, wato mai nuna zafin ruwan inji, kullum maganarsa kenan, ido ɗaya a hanya ido ɗaya a kan allura, in ta wuce tsakiya ka nemi gefe. Ya koya min jin kukan inji, ya koya min kar in ɗora ƙafa a kan kuloci ina tafiya, ya koya min duba baƙin mai da safe kafin a tada mota. Duk ilimi ne mai kyau kuma har gobe ina cin moriyarsa, sai dai ilimin inji ne da giyar hannu, ita giyar otomatik bai taɓa riƙe ta ba balle ya faɗa min halinta. Da ya rasu nine babba a gidan, na fara da yaron mota, daga baya na zama direba ina tuƙa na mutane, shekaru ina tara abinda zan iya da burin wata rana in ja tawa.

Da lokacin yazo abinda na tara bai kai ba, sai na ci bashi na cike, matata ma ta kawo ɗan abinda take ajiyewa ta ɗora min a hannu tace Allah ya sa albarka. Na sayi a-kori-kura ta hannu, otomatik, da tirela mai tayoyi huɗu. Wanda ya sayar min yace ai wannan hutu ce, ka saka a D ka manta da ita, ita zata yiwa kanta komai. An sa mata manyan tayoyi da suka fi na kamfani girma, in ta tsaya gwanin sha'awa. Na ɗauki ƙanena ya zama yaron motata, yaro ne mai zafin nama, ya gama sakandare yana zaune ba aikin yi, Umma ma tayi murna tace gara yana kusa da ni. Watannin farko wlh komai lafiya lau, hanyoyin da muke bi shimfiɗaɗɗu ne, muna ɗaukar kayan gini da injina, ina biyan bashi a kan lokaci, har na fara lissafin yaushe zan gama.

Sai aka kawo min wani aiki, injin kwaɓa siminti da janareta da wasu ƙarafa za'a kai wajen da ake gini a bayan tsaunuka. Kayan sun yi nauyi amma motar ta ja su daga wajen lodi ba tare da wani kuka ba, kuma mai kayan ya ɓata mana lokaci, maimakon mu tashi da sassafe sai da rana ta take sannan muka kama hanya. Mun fara hawa rana na tsaka, hawan kuma irin mai tsawon nan ne da kwana-kwana, kana ganin ka ƙure shi sai ka sha kwana kaga wani a gabanka. Can muka tarar da wata babbar mota tana jan ciki a gabanmu, ba wajen wucewa, muka bi bayanta a hankali. A nan na fara jin motar tana canza giya da kanta, ta hau ta sauko, ta hau ta sauko, in ta sauko injin yayi ƙara in ta hau yayi sanyi kamar zai shaƙe, ni kuma idona na kan allurar ruwa, tana tsakiya daram bata motsa ba, hankalina kwance.

Ƙanena ne ya fara cewa Yaya baka ji wani wari ba? Wari ne mai ɗaci-ɗaci na abu ya ƙone, ba irin na birki ba. Kafin in bashi amsa na taka totur naji injin ya tashi sama da ƙara amma motar bata ƙara gudu ba, na sake takawa, haka, sai ma raguwa take, sannan ta tsaya cak a tsakiyar hawa, sannan naji tirela ta fara janmu baya. Na danne birki da iya ƙarfina na ja na hannu, amma nauyin ya fi ƙarfinta, tana ta silalewa kaɗan kaɗan, bayanmu kuma kwana ce, bayan kwanar rami. Ban ce masa ya fita ba, shi da kansa ya buɗe ƙofa ya dira ya sunkuci dutse ya nufi tayar tirela. Dutsen ya tare ta, motar ta tsaya, amma tayar ta haɗa da hannunsa na dama. Ƙarar da yayi har yau tana kunnena.

Da na fito na ganshi a durƙushe ya riƙe hannun da ɗayan, ƙarƙashin motar kuma mai na tsiyaya a kan salansa hayaƙi na tashi fari, man giya da ya kamata ace ja ne ya koma baƙi-baƙi yana kumfa yana bin kwalta yana gangarawa. Wasu bayin Allah suka tsaya, aka kashe injin saboda kar wuta ta kama, aka ƙara duwatsu a tayoyi, wani ya sa ƙanena a motarsa muka juya asibiti. Motar da kayan mutane a nan na barsu, sai washegari janwe ta janyo su.

Ƙasusuwan hannun sun karye a wurare, an yi aiki, an ceto hannun Alhamdulillah amma yatsu biyu basu sake lanƙwasuwa yadda suke ba. Abinda yafi ƙona min rai ba kuɗin asibiti bane ko giyabos ɗin da bakanike ya leƙa yace ta tashi aiki, shirun Umma ne. Bata taɓa ce min kai ka jawo ba, ko sau ɗaya, in na shiga gaishe ta sai tace ya jikin ɗan uwanka, ka ci abinci kuwa, shikenan, ni kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Mai kayan ya riƙe kuɗin aikinsa kuma ya nemi na asarar lokaci, mai bashi ya fara kira, na sayar da tirelar na rage wani abu, motar kuma tana gareji an ɗage ta a kan duwatsu ba kuɗin gyara. Dare in yayi bacci baya zuwa, in na rufe ido sai inji motar tana silalewa baya, in farka ina taka birkin da babu. Na daina zuwa inda direbobi ke zama saboda kowa da tambayarsa, wani tausayi wani kuma so yake yaji labari. Akwai lokacin da na yanke a raina na bar tuƙi har abada, na faɗa wa matata, tayi shiru sannan tace Abban yara ba zan hana ka ba, amma ka bari sai zuciyarka ta huce ka yanke, kar ka yanke yanzu.

Garejin da motar take na wani dattijo ne da ba abinda yake gyarawa sai giyar otomatik. Da farko zuwa nake kawai in zauna kusa da motar saboda zaman gida ya ishe ni, rannan sai yace min yaro tunda zaman kake, zo ka riƙe min nan. Daga riƙe nan na koma mai wanke kayan giya, yana ɗan bani na cefane, ni kuma ina ce masa Baba. Shine ya sa muka sauke giyabos ɗina muka buɗe ta tare duk da ya san bani da kuɗin haɗa ta, yace so nake ka gani da idonka.

Da ya cire farantin ƙasa warin nan na kan tsauni ya sake bugo ni sai da na koma gefe na zauna. Ƙasan farantin duk baƙin laka ne mai ƙyalli-ƙyalli, maganaɗisun da ke ciki ya tara garin ƙarfe har ya yi gashi. Ya zaro faiba ɗaya, wato farantin da ke kama giya in zata canza, ya miƙo min, abin da ya kamata ace yana da fata mai ɗan kaushi a jikinsa ya koma ƙarfe sumul, na goga da yatsa sauran ya bi hannuna baƙi ƙirin, farantan ƙarfen da ke tsakaninsu kuma sun yi shuɗi-shuɗi sun lanƙwashe saboda wuta. Robobin sil masu hana mai tsiyaya ya lanƙwasa ɗaya a gabana ta karye ƙas. Sannan ya bi tiyon da ke kai mai gaba ya hura iska a ciki da ƙyar take fita, hanyar ta kusa toshewa da datti, filta ma haka. Yace man nan ya daɗe da mutuwa tun kafin motar ta zo hannunka, tsaunin ƙarasa ta kawai yayi.

Nace Baba to amma allura bata motsa ba, wlh idona na kanta. Yace wace allura, ta ruwa? Ai wannan labarin inji take baka, ba ruwanta da giya, kuma ita kanta a motoci da yawa an yi ta ne ta zauna a tsakiya ko ruwan ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, sai abu ya ɓaci take tashi. Wannan maganar ta daɗe tana min yawo a kai, wato duk tsawon hawan nan abinda nake kallo daban abinda ke ƙonewa daban.

A wajensa na fahimci inda zafin ke fitowa. Tsakanin inji da giyar otomatik babu kuloci irin na manuwal, wani abu ne kamar ƙwarya ta ƙarfe a rufe cike da mai, konbata suke ce masa. Baba ya kwatanta min da fanka biyu da aka sa suna kallon juna, ka kunna ɗaya iskarta ta juya ɗayar, to a nan mai ne a madadin iska, inji na juya ta farko man na tura ta biyu ita kuma ta juya giya. Matuƙar ta farko ta fi ta biyu gudu, wannan bambancin zafi yake zama a cikin man, kuma in kaya sun yi nauyi ga hawa ga giya tana sama, bambancin yawa yake yi sosai. Akwai wani ɗan kuloci a ciki da ke kulle su biyun su juya tare in tafiya ta daidaita, in ya kulle zafin sauka yake, amma da ka danne totur a hawa sai ya saki. Ga kuma hawa da saukan da giya ke yi da kanta, duk canji ɗaya faibobin sai sun gogi juna kafin su kama, in tana yi ba ƙaƙƙautawa wuta kawai take haɗawa. Manyan tayoyin nan ma da nake sha'awa ashe ƙara wa giyar nauyi suke, tamkar kullum tana tashi ne a giyar da ta fi wadda ya kamata.

Shi kuma man inda yake zuwa ya huce a yawancin motocin nan wani ɗan bututu ne a cikin lagireto, ruwan inji ne ke sanyaya shi, ruwan da shi kansa yana wajen digiri 90. To a hawa injin na zafi giya na zafi, kana tafiyar kunkuru a bayan babbar mota iska bata shiga gaba sosai, ga esi a kunne tana ƙara zafi a gaban lagireton, ina man zai kai nasa zafin? Sannan can sama iskar bata da kauri, injin da ba turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ka hau, dole ka ƙara taka totur, sanyayawar ma raguwa take. Lafiyar man giya tana wajen digiri 80 zuwa 95, kuma lissafin da masu gyara ke yi shine in ka wuce nan duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon rayuwar man gida biyu. In ya daɗe yana haura 120 man ya fara ƙonewa, robobi su taurare, mai ya rasa ƙarfin matse faiba, su fara suɓucewa, suɓucewar ta ƙara zafi, daga nan kuma abu ne na mintuna. Man in ya yi zafi kumbura yake ya yi kumfa ya nemi hanyar fita, shine abinda na gani yana zuba a kan salansa.

Na yi tsawon lokaci a garejin. A hankali muka haɗa giyar, yau a sayi wannan gobe wancan, Baba bai karɓi ladan hannunsa ba. Muka wanke hanyar man tas, muka sa sabon konbata saboda tsohon cike yake da garin faiba kuma in ka mayar da shi sabuwar giyar zai kashe, muka ƙara mata wani ƙaramin lagireto na man giya kaɗai a gaba inda iska ke bugawa, man ya bi ta cikin babban ya fito ya bi ta wannan sannan ya koma. Muka mayar da tayoyi girman da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa. Sai kuma abinda Baba yace in babu shi ba zai bar motar ta fita daga garejinsa ba, wato geji na zafin man giya. Wasu motocin suna zuwa da shi a dasbod, wasu kuma kwamfutar motar ta san zafin amma bata nuna maka, sai ka sa 'yar na'urar nan da ake soka wa a ƙasan sitiyari ta turo maka a waya, in motar ta tsufa da yawa a huda a sa mata na allura. Tawa ta waya ta karɓa.

Gyaran mota ya fi gyaran zuciya sauƙi. Motar ta tashi amma ni na kasa tunkarar tsauni, in aka kawo aikin da zai bi ta can sai in ce ina da wani, na koma ƙananan ayyuka a cikin gari da tirelar haya. Ƙanena ne ya karya min wannan. Hannun ya warke iya warkewarsa, rannan ya same ni yace Yaya in dai saboda ni kake gudun hanyar nan to ka ƙara min ciwo ne, ni zan zauna gefenka in riƙe wayar ina faɗa maka lamba. Na rasa abinda zan ce masa. Na je na sami Umma ina tunanin zata hana, tace ku je Allah ya tsare, amma ku kira ni in kun sauka.

Ranar da muka koma tafin hannuna jiƙe yake da gumi tun kafin mu ga duwatsun. Tun daga gindin hawan, kafin motar ta fara wahala, na sauko da giya da hannuna na riƙe ta a nan, na kashe esi, na bar injin yana juyawa da ɗan ƙarfi. Kunnen da aka raina da manuwal baya son wannan ƙarar, ji yake kamar ana cutar injin, amma Baba ya riga ya faɗa min injin ya fi son haka, fanka na gudu, famfon ruwa na gudu, famfon man giya na gudu, konbata kuma baya suɓucewa da yawa. Ƙanena na karanto min, 92 Yaya, 96, 99, muryarsa a daidai kamar ba shi ne aka danne wa hannu a hanyar ba. Da ta kai 105 na sassauta ƙafa na ƙara saukowa giya ɗaya, muka rage gudu sosai, motoci na ta wuce mu wani har da hon, can naji yace ta tsaya, sannan yace ta fara sauka. Da muka zo kwanar nan ba wanda yayi magana a cikinmu. A sama na samu fili na faka na kifa kaina a sitiyari na yi kukan da ban yi ba tun ranar asibiti.

Tun daga nan haka nake tuƙi, kuma lambar nan ita ke bani umarni ba mai kaya ba. Ni dai tsarina in ta haura 105 na fara lallaɓawa, in ta doshi 115 kuma bata da niyyar sauka neman gefe nake tun kafin ta kai 120, duk da wasu sababbin motocin an yi su ne suna aiki da zafi fiye da tsofaffi, don haka kowa ya buɗe littafin motarsa. In na tsaya bana kashe inji, wannan ne abinda mutane suka fi yi kuma yana cutarwa, domin injin ne ke juya famfon, ka kashe man ya tsaya cik a inda yake da zafinsa. Wuri mai faɗi nake nema, in ja birkin hannu, a sa katako a taya, in sa a P ko N, wasu tsofaffin giyoyin a N man ya fi zagayawa, in buɗe bonet in bar shi yana aiki har lambar ta sauko. Sai dai in mai na zuba ko hayaƙi na tashi, to nan kam a kashe. Murfin lagireto kuwa ba'a taɓa shi da zafi. Kuma katakon nan na tare taya na sa an yi min masu dogon mariƙi, suna nan a bayan kujera, babu wanda zai sake kai hannunsa kusa da tayata da dutse.

Motar da ke da madannin Tow/Haul a danna shi duk lokacin da tirela ke baya, yana hana giya saurin hawa sama kuma yana taimakawa a gangara, tsofaffin kuma O/D off ne nasu. Abu biyu da ban zata ba sai da geji ya nuna min, ɗaya riƙe mota a hawa da totur maimakon birki in an tsaya a go-sulo, ɗaya kuma ribas da tirela mai kaya a wuri mai tudu, kana ta gaba da baya a hankali kana gyara tsayuwa, wlh lambar gudu take fiye da a kan tsaunin kansa saboda ba iska kuma konbata suɓucewa kawai yake.

Gangara kuma nata daban, giya takan huce a nan amma birki ne ke shiga uku. Giyar da na hau da ita da ita nake sauka ko wadda ta fi ta ƙasa, injin ya riƙe motar, birki kuma in taka da ƙarfi gudu ya ragu in saki ya sha iska, ba a ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa ba. Masu sa firi, wato N, a gangara don tsimin mai ina roƙonsu don Allah su daina, da tirela a baya wannan ba ƙaramin ganganci bane. Birkin ita tirelar ma sai na gwada shi kafin in bar wajen lodi.

Man giya ina canza shi da filta da wuri fiye da mai motar da baya jan komai, littafin ma ya ware lissafi daban na mota mai aikin wahala, kuma irin man da aka rubuta shi nake sawa, ba duk jan mai ne ɗaya ba. Duk safiyar tafiya ina ɗiga shi a farin tsumma in kalla in shinshina, in leƙa gaban lagireto in cire ƙwari da ciyayin da suka toshe. Lodi kuma akwai adadin da kamfani ya rubuta na nauyin mota da tirela da kaya da mutane gaba ɗaya, bana wuce shi, kuma ina tsara kayan yadda wajen kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirelar zai sauka a kan mahaɗar, in ba haka ba wutsiya zata rinƙa kaɗawa a gangara.

Wannan ya jawo min rasa kwastomomi, ba zan ɓoye ba. Akwai wanda yace min wane ya ɗauki fiye da haka da irin motarka, nace to Alhaji a kira wanen, ya kuwa kira shi. Raina ya sosu ranar saboda ina buƙatar kuɗin, bashin bai ƙare ba a lokacin. Amma wasu sun dawo, musamman masu injina masu tsada da suka fi son kayansu su isa ko da an makara.

Yanzu bashin saura kaɗan, na sake sayen tirela tawa duk da bata kai ta farko ba. Ƙanena hannun baya bashi damar riƙe sitiyari na dogon lokaci, amma zaman da yayi yana karanta min lamba ya sa masa son abin, yanzu yana wajen Baba yana koyon duba giya da kwamfuta, har ya fara fin wasu da ya tarar a can, ranar da ba aiki a gareji kuma yana bina. Sati mai zuwa in Allah ya kaimu muna da wani lodi da zai tsallaka tsaunukan, na riga na faɗa wa mai kayan sawu biyu za'a yi kuma da asuba zamu tashi kafin rana tayi zafi, yayi mitarsa ya gama sannan ya amince. Ku sa mu a addu'a.